Tsakanin Faɗa da Cikawa: Darasi Daga Amanawa da Wusasa

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta, ya gabatar a zaman taron shekara

 



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan dalilin da ya sa ayyukan da muke yanke shawarar yi wa Sabiyal suke daɗewa a kan takarda. Mun karɓa, amma da sharaɗin a bar mu mu bi ta hanyar da muka zaɓa, ko da za ta yi wa wasu nisa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Bari mu fara da abin da ya faru da mu. Shekarun baya, muna riƙe da wata makarantar firamare a wannan yanki, iskar farkon damina ta kwashe rufin azuzuwa biyu cikin dare ɗaya. Muka kira taron iyaye da malamai. Ranar nan wani babban mutum ɗan asalin yankin, wanda ya zo daga birni, ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi kaɗai ya ɗauki nauyin kwano da katako da kuɗin kafinta. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, maroƙi ya wasa shi har da kakanninsa. Saboda wannan alkawari muka dakatar da karo-karon da iyayen yara suka fara, don kada a ce mun raina kyautar babba. Damina ta shiga ta fita, yara suna karatu a gindin bedi, in hadari ya taso mu tashe su. Sau uku muna zuwa gidansa a birni, kullum a ce mana ya fita. A ƙarshe iyayen nan da muka dakatar, manoman albasa da gero, su ne suka sake haɗa kuɗin bayan kaka, suka rufe azuzuwan. Ba mu riƙe mutumin nan a zuciya ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da bai yi magana ba, da an rufe azuzuwan tun kafin ruwa ya zauna. Alkawarinsa ya ci mana damina guda.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Farkon Suratus Saffi ya tsawata wa muminai masu faɗin abin da ba su aikatawa, kuma kowane ɗalibin makarantar zaure ya san cewa saɓa alkawari yana cikin alamomin munafunci. A nan ƙasar Gwandu ma muna da misalin da ya fi kusa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ana tsakiyar jihadi, da ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga ganima da neman mulki saɓanin abin da aka fito ana wa'azinsa, sai ya bar rundunar ya nufi gabas. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Wannan malamanmu sun fi mu saninsa, kuma suna faɗa mana kowace Juma'a.

To amma yau muna so mu leƙa gidan maƙwabta. Mun san wasu za su ce, me ya kai tsohon hedimasta ga zancen Kirista a taron mutanen Sabiyal? Amsarmu ita ce, da yawa daga cikinku kuna zaune da su a Kaduna da Jos da Abuja, kuna aiki ofis ɗaya, kuma a jiharmu ta Kabi ga 'yan'uwanmu na ƙasar Zuru. Sannan abin da muke son nunawa ya fi fitowa fili idan aka dube shi a jikin wani. Su ma a littafinsu akwai wasiƙar da ake dangantawa ga Yaƙubu, wadda babinta na biyu ya tsaya a kan cewa imanin da bai haifar da aiki ba ba shi da amfani ga mai shi, balle ga mayunwacin da aka sallama da fatar baki. Tambayarmu ita ce, waɗanda suka zo ƙasar Hausa da wannan magana, me ya rage daga cikin abin da suka zo da shi?

Wanda duk ya kai shekarunmu ya san abin da kalmar Amanawa take nufi a tsohon lardin Sakkwato. Kafin magani ya samu, kuturta ita ce cutar da ta fi kowace raba mutum da mutane. A ware masa ƙwarya da buta, a yi masa bukka a bayan gari, matarsa ta nemi saki, 'ya'yansa su rasa masu aurensu. Mu da kanmu mun tashi muna jin karin maganganu na wulaƙanta kuturu, muna maimaita su ba tare da mun ji komai ba. A ƙarshen shekarun 1930 ne hukumomin En'e, da amincewar Turawan mulki, suka damƙa wa 'yan mishan na SIM kula da zangunan kutare na larduna uku: Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake samowa daga 'ya'yan wani itace na ƙasashen Indiya, ana yin allurarsa a fata, ga zafi ga ƙarancin amfani. Saboda haka yawancin aikin na hannu ne: wanke gyambo, yanke ruɓaɓɓen nama, naɗe ƙafa, a sake kwancewa gobe a wanke, shekara da shekaru. Mutanen da suka baro Kanada da Amurka da Ingila, tare da ma'aikata 'yan ƙasa waɗanda da yawansu tsofaffin majinyata ne, su ne suke durƙusawa suna riƙe ƙafar da ɗan'uwan mai ita na jini yake ƙyamar kallo.

Kada a fahimce mu a karkace. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa nufinsu shi ne su juyar da mutane zuwa addininsu ba, kuma sarakunanmu sun yi ta jayayya da su a kan wa'azi ga majinyata da kuma renon 'ya'yan kutare a gidajen mishan. Sarakunan suna da hujja. Mutumin da ciwo ya kayar ba shi da ƙarfin musu da mai yi masa magani, kuma bai dace a yi ciniki da rauninsa ba. Wannan mun faɗe shi, ba za mu janye ba. Sai dai akwai tambayar da ta fi wannan ciwo, kuma a kanmu take: da masu zakka da masu waƙafi na wancan zamani sun riga sun gina wa kutare wurin jinya, ta wace ƙofa baƙo zai shigo? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Daga baya ƙwayar dafson ta zo a wajejen 1950, aka fara sallamar mutane suna komawa gida. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu zuwa uku, kuma tun 1995 ake ba da su kyauta a duniya. Tunda zance ya kawo mu nan, bari mu yi amfani da damar. Kuturta ba gado ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita ɗan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano a 1873. Ana warkewa cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma da zarar an fara shan magani mai ita ya daina yaɗa ta. Duk wanda ya ga wani tabo mai haske a fatar yaro ko babba, wanda in an taɓa ba ya ji, a kai shi asibiti tun yatsu ba su lalace ba. Ku da kuke birni, ku faɗa wa na gida.

Gwamnati ta karɓi waɗannan asibitoci a shekarun 1970. Waɗanda suka bar Musulunci ta dalilinsu ba su da yawa in aka kwatanta da dubban da suka kwanta a can. Amma har yau in ka sami tsohon da ya yi jinya a Amanawa, yana salla yana azumi, ba zai yarda ka zagi wadda ta wanke masa ƙafa ba. Wa'azinsu bai shige shi ba, aikin hannunsu kuwa ya bi shi har tsufa. Haka abin yake ga asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe a 1943, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950 a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Mutanenmu nawa ne aka yi wa aikin yanar ido a Kano suka dawo suna karanta Alƙur'ani da idon da aka gyara musu a can?

Yanzu sai Wusasa. Likita Walter Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus, a wurin Hausawa mazauna can da mahajjata. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mutum ne mai kaifin harshe da shiga sharo ba shanu, har yana cikin masu kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Ba mu zo wanke shi ba. Cikin waɗanda suka karɓi kiransa akwai zuriyar Isawa, waɗanda aka tsugunar a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka kwashe sauran. A wajejen 1929 aka fitar da mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'a da tubalin ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti. A 1932 aka buga fassarar littafinsu da Hausa, wadda Miller ya yi shekaru yana aikinta. Ya rasu a 1952, bayan ya ba ƙasar nan kusan rabin ƙarni, kuma jama'ar da ya tara ba ta wuce ta ƙauye guda ba.

Amma ku dubi abin da ƙauyen nan guda ya fitar. Likita Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, kuma sunansa ne babban asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da shi. Abin da ya fi shafar wannan zama namu shi ne, a 1948 shi da wasu ma'aikata 'yan boko a Zariya da Kaduna suka fara wata ƙungiya irin tamu, ta mutanen da aiki ya kai birni suna tunanin gida. A babban taronta na 1949 a Kaduna, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zaɓe shi shugaba. A cikin taron akwai Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Imam, mutanen da ba wanda zai koya musu kishin Musulunci, amma suka yarda Kirista ɗan Wusasa ya shugabance su. Sun yarda ne domin sun ga aikinsa a asibiti, sun san in ya ce zai yi, zai yi. Abokan gaba uku suka sa a gaba: jahilci da lalaci da zalunci. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, Dikko ya sauka, domin doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya riƙe jam'iyya ba.

Sai Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya amince masa har ya zama likitansa. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, shekarun da jami'ar ta buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawan Arewa ta hanyar makarantar share fage, kuma muna da tabbacin akwai waɗanda suka ci moriyar wannan a cikin zauren nan. Ya riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Bayan duk wannan ɗaukaka, da tsarewar da ya sha bayan juyin mulki, sai ya koma Samaru ya buɗe ƙaramin asibiti yana duba marasa lafiya da hannunsa. Ya rasu a 2005. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san yadda komawa ƙasa take da wuya ga wanda ya saba da jiniya.

Na kusa-kusa kuwa, a taƙaice. A ƙasar Maraɗi wani ɗan mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, in aka bar 'yan rassa aka riƙa gyara su za su koma itace. Manoma Musulmi suka ɗauka, suka kira shi sassabin zamani, kuma an ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Wannan ko gobe za mu iya gwada shi a gonakinmu na tudu, bai buƙatar ko kwabo daga asusun ƙungiya. A Kaduna kuma, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana riƙe da ƙiyayyar ɗaya ɓangaren a zuci. Sai da aka haɗa su a 1995, suka ɗauki shekaru kafin zuciya ta bi abin da baki yake faɗa, sannan suka riƙa yawon sulhu tare har Yalwan Shandam. Namu ma ba a bar su a baya ba: a watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya hana maharan shiga.

Jama'a, mu mutanen ƙasar Aliero bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Me ya sa ake ɗauko mai karaya daga Nijar da Binin da kudancin ƙasar nan a kawo shi wurin masu ɗorinmu? Ba su da allon talla a bakin hanya, ba su shiga rediyo. Wanda aka kawo a kwance ya koma da ƙafarsa, shi ne ya kai labari. Haka albasarmu ta yi suna har kasuwannin Kurmi. To don me ƙungiyarmu za ta zama ita kaɗai ce take son suna kafin aiki?

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, abu na farko da aka cusa mana shi ne, yaro ba ya koyon abin da malami ya rubuta a allo kamar yadda yake koyon abin da ya ga malami yana yi. Hedimastan da yake bulalar makara alhali shi kansa sai ƙarfe tara yake isowa, makara yake koyarwa. Mun ga wannan da idonmu shekara talatin da wani abu. 'Ya'yanku da kuke zuwa da su hutun salla suna zaune a bayan zauren nan. Sun ji alkawuran bara, sun kuma bi ta gaban ɗakin shan maganin garin nan da makarantar da kuka yi, sun ga yadda suke. Ba za su ce muku komai ba, domin an yi musu tarbiyya. Amma ranar da ƙungiyar nan ta zama tasu, abin da suka gani shi za su maimaita.

Kuma mu daina fakewa da gwamnati. Gaskiya ne tun da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 an sami abubuwan da ba mu zata ba, har jami'ar kimiyya da fasaha aka kafa a Aliero a 2006. Amma jami'a ba ta ɗaukar yaron da ya gama aji shida bai iya karanta sunansa ba. In ba mu gyara firamare ba, za mu zuba ido 'ya'yan wasu su cika azuzuwan da aka gina a ƙofar gidanmu, namu kuwa su riƙa kai su tasha a kan babur.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan zama, kuma mun riga mun sanar da shugaba don kada a ce mun yi masa ba-zata. Kada a buɗe sabuwar gidauniya bana. A maimakon haka, ma'aji ya ɗauko littafin alkawuran shekarun da suka wuce, kwamitin dattawa uku su zauna da kowane mai alkawari a keɓe, ba a bainar jama'a ba, domin tozarta mutum ba shi ne nufinmu ba. Wanda yake da hali ya cika. Wanda hali ya canza masa, kuma mun san yadda rayuwar birni ta koma, ya faɗi abin da zai iya, a soke sauran a yafe masa, ya sauke kayan da ya ɗaukar wa kansa. Abin da aka tara, kome ƙanƙantarsa, a zaɓi aiki ɗaya tak wanda kuɗin zai iya gamawa kafin ruwan farko, a gama shi. In rufin aji ɗaya ne, to aji ɗaya. Nan gaba kuma duk wanda zai yi kyauta ya miƙa wa ma'aji a karɓa a ba shi rasit, sannan a sanar, maroƙa su yi haƙuri su jira sai kuɗi ya shiga hannu.

Akwai kuma abin da ba na kuɗi ba. A cikinku akwai likitoci da malaman jinya da malaman makaranta da injiniyoyi. Likita ɗaya da zai ba da yini biyu cikin hutunsa ya zauna a ɗakin shan magani ya duba tsofaffi da masu ciki, ya fi mana amfani a kan doguwar takardar da za a karanta a nan a tafa. Malama ɗaya da za ta zauna da 'yan matan aji shida ta nuna musu cewa ita ma daga wannan gari ta fito, za ta iya sauya ra'ayin uban da mu muka yi shekaru muna lallashi bai ji ba. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, wanda ya shirya ya rubuta sunansa da watan da zai zo. Wanda bai tabbata ba, don Allah kada ya rubuta.

Mu ma ba mu tsame kanmu ba. Shekara biyu da suka wuce, a wannan zaure, mun ce za mu riƙa koyar da karatu da rubutu ga manya da yamma, mun yi wata uku muka bari, muka ɗora laifin a kan ciwon gwiwa. Mun riga mun rubuta sunanmu a layin farko na takardar sakatare: ranakun Asabar da Lahadi, bayan la'asar, daga makon da ya biyo bayan wannan taro, a makarantar firamare, in hedimasta mai ci ya ba mu aron aji da alli.